BABI NA HUƊU: GYARAN TOF SILINDA A INJIN TSOHUWAR MOTA ƘIRAR PEUGEOT 504

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan tsarin garejin kanikawa, da matsayin maigida da yaransa, da kuma kayan aikin da ake amfani da su yau da kullum. A wannan babi za a ɗauki aiki guda ɗaya a bi shi tun daga farko har ƙarshe, wato gyaran tof silinda, ko kuma kan inji kamar yadda wasu suke kiran sa. An zaɓi mota ƙirar Peugeot 504 ne domin babu wata tsohuwar mota da bakanike Bahaushe ya sani ciki da waje kamar ta. Dalili na biyu shi ne, kamfanin da ya yi motar ya daɗe da daina ƙera ta. Saboda haka duk kan injin da aka lalata wajen gyara, adadin na asali da suka rage ne ya ragu da ɗaya.

4.1 Motar da Injinta

Kamfanin Peugeot na ƙasar Faransa ya fito da 504 a shekarar 1968, ita ce ta gaji 404 wadda ta fito a 1960. A shekarar 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, daga nan motar ta watsu a ma'aikatun gwamnati da tashoshin mota. An daina ƙera ƙaramar a Faransa a 1983, amma an ci gaba da harhaɗa ta a Kaduna har bayan shekarar 2000. Hausawa suna kiran ta Fijo, mai buɗaɗɗen baya kuwa a-kori-kura.

Injin fetur da ya fi yawa a cikin waɗannan motoci shi ne mai silinda huɗu, mai girman sisi 1971. Yana kwance ne a karkace cikin bonet, ba a miƙe yake ba. Abin da ya shafi wannan babi kai tsaye abu biyu ne. Na farko, gangar injin, wadda kanikawa ke kira bulok, an yi ta da ƙarfen zubi, amma tof silinda na alminiyum ne. Na biyu, ramukan da fistin ke kai da komo a cikinsu ba a jikin bulok aka haƙa su ba. Wasu bututun ƙarfe ne guda huɗu da ake kira silib, ana zura su a zare su, ruwan sanyaya inji yana zagaya su kai tsaye, kuma tof silinda ne yake danne su daga sama. Wanda bai riƙe waɗannan abubuwa biyu a ransa ba, to ba zai fahimci dalilin yawancin ƙa'idojin da za a kawo a gaba ba.

4.2 Mece ce Tof Silinda?

Idan aka ce tof silinda ana nufin murfin da ya rufe saman silindojin nan huɗu. Kalmar aro ce daga Ingilishi, kuma ta bi hanyar da irinta suka saba bi a bakin Bahaushe, inda sautin "p" kan koma "f", kamar yadda ya faru a kalmomin fistin da fulogi. A ƙarƙashin wannan murfi ne fetur da iska suke kamawa da wuta. A jikinsa akwai bawul takwas, kowace silinda biyu: ɗaya yana buɗewa fetur da iska su shiga, ɗaya yana buɗewa hayaƙi ya fita zuwa salansa. Akwai ramin fulogi huɗu, sa'an nan cikinsa duk hanyoyi ne, wasu na ruwa wasu na baƙin mai. Tsakaninsa da bulok akwai wata siririyar shimfiɗa da ake kira gasket, ita ce ke raba wuta da ruwa da mai, kowa ya bi hanyarsa.

Aikin da ke kan wannan murfi ba kaɗan ba ne. Idan inji yana juyi 3000 a minti ɗaya, wanda ba wani gudu ba ne a kan babbar hanya, kowane bawul yana buɗewa ya rufe sau 1500 a minti, wato sau 25 a daƙiƙa guda. Zafin wutar da ke tashi a ciki kan wuce digiri 2000, alhali alminiyum yana narkewa ne a digiri 660. Abin da ya hana shi narkewa shi ne wutar ta ɗan lokaci ce, kuma ruwa yana kwashe zafin ba tsayawa. Ke nan ran tof silinda yana hannun ruwa.

4.3 Yadda Yake Lalacewa

Kowane ƙarfe yana buɗewa idan ya ji zafi, amma alminiyum yana buɗewa kusan ninki biyu na ƙarfen zubi. Muddin zafin bai wuce ƙa'ida ba, gasket tana iya shanye wannan bambanci. Amma idan fambel ya tsinke, ko lagireto ya toshe, ko tiyo ya fashe ruwa ya tsiyaye direba bai lura ba, sai murfin ya nemi buɗewa fiye da yadda ƙusoshi goma da suka ɗaure shi za su bari. Da yake ba shi da wurin zuwa, sai ya lanƙwashe. Lanƙwasar ba ta ganuwa da ido, sau da yawa ba ta wuce kaurin gashin kai ɗaya ko biyu ba, amma ta isa ta ba wuta hanya. A nan ne kanikawa ke cewa mota ta ƙona gasket.

Alamomin sanannu ne. Farin hayaƙi mai kama da tururi yana fita ta salansa ko bayan inji ya yi ɗumi. Idan aka buɗe murfin lagireto inji yana aiki, za a ga kumfa tana tasowa. Idan kuwa ruwan ya sami hanya zuwa cikin mai, to da an zaro geji za a ga man ya koma kamar shayi mai madara. Wannan shi ne ake cewa ta haɗa ruwa da mai, kuma ci gaba da tuƙa ta a haka yana cinye metal na karanshaf, ƙaramin gyara ya koma sauke inji gaba ɗaya.

Akwai wata cuta kuma mai cin jiki a hankali, wadda a ganin mai wannan bincike ta fi ƙonewar gasket ɓarna a ƙasar Hausa. Ita ce ta ruwan da ake zubawa a lagireto. Yawancin direbobi ruwan rijiya ko na famfo suke zubawa tsurarsa, ba tare da maganin da ke hana tsatsa ba. Ruwan zartsi yana barin ɓawon gishiri a cikin hanyoyi, ya rage musu faɗi. Bugu da ƙari, idan alminiyum da ƙarfe suka zauna cikin ruwa ɗaya suna haɗe da juna, alminiyum ne yake zagwanyewa. Shi ya sa idan aka kife tsohon kai za a ga bakin ramukan ruwa sun cinye kamar haƙorin da tsutsa ta ci, wani lokaci cin ya matso har gab da zoben da gasket ke rufe wuta.

4.4 Kwancewa

Ba a taɓa ƙusoshin kai sai inji ya huce sarai. Kwance su da zafi yana iya lanƙwasa kan da a da lafiyarsa lau. Bayan an cire batir, an tsiyaye ruwa, an kawar da kafireto da bututun hayaƙi, sai a buɗe murfin sama a sassauta ƙusoshin kaɗan-kaɗan, ana farawa daga na gefe ana nufo tsakiya. Daga nan a ɗauke roka, a zare sandunan nan takwas masu tura ta. Bakanike mai tsari yakan huda kwali ya soke su bi da bi, domin kowace sanda ta riga ta saba da mazauninta.

A nan ne 504 ta sha bamban da motoci da yawa, kuma a nan ne yaran gareji suka fi yin kuskure. Gasket takan manne wa kai da silib gaba ɗaya. Idan aka ɗaga kan sama kai tsaye, yana iya tasowa da silib ko da kaɗan ne, abin da ke toshe ruwa a gindin silib ɗin ya ɓalle. Ba za a ga komai ba a lokacin. Sai an gama aiki tsaf, an tayar da mota, sa'an nan ruwa ya dinga zurara cikin mai ta ƙasa, a yi ta zargin sabuwar gasket alhali ba ruwanta. Hanyar da ta dace ita ce a bar ƙusa ɗaya a gefe a sassauce, a goce kan zuwa gefe guda ya rabu da gasket, sa'an nan a ɗauke shi. Da zarar an ɗauke, sai a danne silib ɗin da wasu ƙarafa ko manyan washa, kuma kada kowa ya juya inji kafin a yi haka.

Bayan an kai shi kan benci, ana matse sifirin na kowane bawul a cire 'yan ƙananan ƙarafa biyu da ke riƙe da shi, waɗanda ake kira kota. Su ma bawul ɗin a jere ake ajiye su. Sai wanki. Ana jiƙa kan da kalanzir ko man dizal, a kankare baƙin kunkunniyar da ta daskare. Ba a sa sukundireba ko wuƙa a fuskar da gasket ke zama, domin alminiyum yana da taushi, ƙarzane ɗaya ya isa ya zama hanyar ruwa. Ya kamata a ambata cewa tsofaffin gasket da yawa an yi su ne da asbestos, wanda ƙurarsa ke cutar da huhu, saboda haka a jiƙe ya kamata a kankare ragowarsu, ba a bushe ana hurawa da baki ba kamar yadda aka ga wasu yara suna yi.

4.5 Awo

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma shi ne matakin da aka fi tsallakewa. Ana kife kan, a ɗora miƙaƙƙen ƙarfen awo a fuskarsa, a tsaye da a kwance da kuma daga kusurwa zuwa kusurwa. A kowane zama sai a gwada zura fila, wato siraran ƙarafan nan masu lamba a jiki, a ƙarƙashinsa. Littattafan gyaran injuna masu kan alminiyum irin wannan yawanci ba su yarda ratar ta wuce tsakanin milimita 0.05 zuwa 0.10 ba. Idan ba ta kai haka ba, kan ba ya bukatar komai sai wanki da sabuwar gasket. Idan ta wuce, sai a kai shi wurin masu injin kankare ƙarfe su daidaita fuskar.

A garejojin da aka ziyarta, an lura cewa da yawa ba su yin wannan awo. Da zarar mota ta ƙona gasket sai a ɗora kan a bayan babur a kai kankara, wai don a huta da zargi. Mai wannan bincike yana ganin wannan ɗabi'a ita ce take ƙarar da kawunan 504 fiye da hatsarin hanya. Dalili kuwa shi ne, abin da aka kankare ba ya dawowa. Kowace kankara tana rage zurfin ɗakin da wuta ke kamawa, matsi ya ƙaru. Idan matsi ya yi yawa, fetur yakan fashe ba bisa tsari ba, a ji inji yana ƙwanƙwasa idan an taka shi a hawa, zafi ya daɗu, gasket ta sake ƙonewa, a sake komawa kankara. Kamfanin ya ƙayyade kaurin da bai kamata kai ya gaza shi ba, kuma kan da ya shekara arba'in yana yawo hannun kanikawa mai yiwuwa an riga an kankare shi sau biyu ko uku ba wanda ya rubuta. Don haka kafin a kankare sai an auna kaurinsa, kuma a gaya wa mai injin ya ɗebi iyakar abin da zai share lanƙwasar kawai.

Bayan lanƙwasa sai a nemi tsagewa. Wurin da ta fi fitowa shi ne siririn naman da ke tsakanin mazaunin bawul biyu, da kuma gefen ramin fulogi. Wadda ido bai gani ba ana gano ta ne ta hanyar toshe ramukan ruwa, a tura iska mai ƙarfi, a tsoma kan cikin ruwan ɗumi a duba inda kumfa za ta fito. Ana iya cike tsagewa da wuraren da ruwa ya cinye da waldar alminiyum, amma zafin walda shi kansa yana lanƙwasa kai, saboda haka walda ce take fara zuwa, kankara ta biyo baya. Idan ɓarnar ta yi yawa sai a nemi wani kan a kasuwar kayan Beljiyam, wato tsofaffin kayan da ake shigowa da su daga Turai. Shi ma wannan sai an auna shi, domin tsufansu ɗaya da wanda aka cire.

4.6 Bawul da Mazauninsa

Bawul yana kai da komo ne cikin wani ɗan bututu da ake kira gayid. Idan aka zura shi aka girgiza aka ji yana rawa sosai, gayid ya cinye, kuma ta nan ne mai yake bi ya shiga wuta, mota ta dinga shuɗin hayaƙi. Sai a fitar da tsohon a buga sabo, an fi so a ɗumama kan tukuna domin ramin ya ɗan buɗe. Sai an gama da gayid ake taɓa mazauni, saboda da shi ake saita tsakiyar mazaunin. Bawul ɗin hayaƙi shi ya fi ƙonewa, kuma duk wanda bakinsa ya yi kaifi kamar wuƙa ko ya tsage, jefar da shi ake yi.

Mazaunin bawul a kan alminiyum zobe ne na ƙarfe mai tauri da aka dasa. Wannan ya taimaki 504 lokacin da aka daina sa dalma a cikin fetur, abin da ƙasashen Afirka na kudu da Sahara suka kammala a farkon 2006, Aljeriya kuma ta zama ta ƙarshe a duniya a 2021. Dalmar nan tana rage cin mazauni, kuma tsofaffin injunan da aka yanka mazauninsu a jikin ƙarfen zubi kai tsaye su suka fi jin rashinta.

Daga nan sai girandin, aikin da ake ba yaro ya zauna a kansa wuni guda. Ana shafa wani mai mai yashi-yashi a bakin bawul, a zura shi, a manna masa sanda mai roba a kai, a dinga murza sandar tsakanin tafuka kamar mai burga miya da maburgi. Bayan 'yan murzawa sai a ɗaga a ɗan juya a sake saukewa. Ana farawa da mai kaushi a gama da mai laushi, har sai an ga zobe mai ruwan toka ya zagaye bakin bawul da mazauninsa ba yankewa, faɗinsa kimanin milimita ɗaya da rabi. Wasu sukan ɗaura bawul a injin huda don sauri. Wannan yana jan layi a mazauni, domin juyin gefe ɗaya yake yi. Gwajin aikin mai sauƙi ne: a mayar da bawul da sifirin, a kwantar da kai, a zuba kalanzir ta hanyar shigar iska ko ta fitar hayaƙi. Idan bayan 'yan mintoci bakin bawul yana nan a bushe, aiki ya yi. Idan ya yi gumi, a koma. Kafin a haɗa, dole a wanke man girandin tas, domin ɗan abin da ya rage zai bi baƙin mai ya ci gaba da aikinsa a inda ba a aike shi ba.

4.7 Mayarwa da Ɗauri

Ana share saman bulok, a tsane mai ko ruwan da ya taru cikin ramukan ƙusa. Idan aka bar shi, ƙusa za ta tsaya a kan ruwan, a ji kamar ta ɗauru alhali ba ta danne komai ba. Ana kuma duba cewa kowane silib ya ɗan ɗara fuskar bulok daidai da 'yan uwansa. Gasket sabuwa ake sawa, kuma ba a maimaita tsohuwa ko da ta yi kyan gani.

Ɗaurin ƙusoshi akasin kwancewa ne. Ana farawa daga tsakiya ana zagayawa zuwa gefe, kuma ba a lokaci ɗaya ba, sai an bi su zagaye biyu ko uku ana ƙara ƙarfi. Abin da ya dace a yi amfani da shi shi ne sufana mai awo, wadda ke nuna ƙarfin da aka sa. Tsofaffin kanikawa da dama suna alfahari cewa hannunsu ya san awon, kuma ba a musun cewa wanda ya shekara talatin yana ɗaure inji iri ɗaya yana iya kusantar daidai. Matsalar ita ce sau da yawa ba shi ne yake ɗaurin ba, yaronsa ne, da dogon bututu a jikin sufana.

Saura saitin bawul, wanda ake yi inji yana da sanyi. A injin fetur na 504 ratar bawul ɗin shiga milimita 0.10 ce, ta bawul ɗin hayaƙi kuwa 0.25, domin shi ya fi jin zafi, ya fi miƙewa. Wutar injin tana bin jerin 1, 3, 4, 2, kuma Faransawa suna fara ƙidayar silinda ne daga wajen giya. Idan bawul ɗin hayaƙi na silinda ta 1 ya buɗe gaba ɗaya, sai a saita na shiga na ta 3 da na hayaƙi na ta 4, a juya inji a ci gaba bisa jerin. Rata idan ta yi yawa ƙara kawai za a ji, amma idan ta yi kaɗan bawul ba zai zauna sosai ba, kuma ta wurin zaman nan ne yake sauke zafinsa, don haka sai ya ƙone.

4.8 Bayan an Tayar da Inji

A ɗaya daga cikin garejojin da aka zauna, an ga wata a-kori-kura ta wani mai jigilar albasa da aka yi wa duk wannan aiki, aka kankare kai, aka sa sabuwar gasket, amma kafin mako uku ta dawo a jaye. Da aka zare lagireto aka kai wanki, sai aka tarar fiye da rabin hanyoyinsa a toshe suke da laka. Mai motar ya biya kuɗin aiki sau biyu, ya yi asarar lodi, kan kuma ya sake shan kankarar da ba don haka ba da bai sha ba. Tun farko ba wanda ya tambayi abin da ya sa motar ta yi zafi.

Saboda haka kafin a sallami mota ana bukatar a wanke lagireto, a duba watafam da fambel da tiyo da murfin lagireto, a canza baƙin mai da filta idan ruwa ya taɓa shiga. Akwai kuma batun tamostat, wato ɗan abin da ke tsare ruwa har inji ya yi ɗumi. Kusan duk tsohuwar motar da aka duba an cire mata shi, bisa hujjar cewa don ƙasashen sanyi aka yi shi. Gaskiya ne wanda ya maƙale a rufe yana dafa inji, amma maganin wannan shi ne a sa mai kyau. Cire shi yana sa inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, musamman da asubar hunturu, ya sha mai, zobba su ci, kuma yakan ɓoye toshewar lagireto na ɗan lokaci har ta yi muni.

Abu na ƙarshe shi ne sake ɗauri. Gasket irin ta waɗannan injuna takan ɗan lotsa bayan ta sha zafi da sanyi, ƙusoshi su sassauta. Don haka ake gaya wa mai mota ya dawo bayan tafiyar kimanin kilomita 1000, ya bar ta ta kwana ta huce, da safe a sake bin ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya bisa jerinsu, a sake saita bawul. Kanikawan da aka tattauna da su sun nuna cewa direbobin haya ba kasafai suke dawowa wannan ɗauri ba, saboda yana nufin motar ta rasa lodin safe.